Ba Gyambo Ko Ɗaya a Bayan Hajiya

Yau Talata, ranar zuwan ma'aikatan lafiya na gwamnati gidanmu a nan Makka. Tun da ɓarin jikin matata Hajiya ya shanye nake jin haushinsu. Su auna jini, su ba da magani, su tafi. Wanka, ciyarwa da juya ta a gado, wai ba aikinsu ba ne.

Nas ɗin ta duba bayanta, ta ɗago kai, ta kira ni baffa da Larabci. "Ya Ammi, wace shaggala ke kula da ita? Ba gyambo ko ɗaya!" 'Yar aikin gida take nufi.

Hajiya ta riga ni, da harshenta mai nauyi: "Ga shaggalar nan tsaye da furfurarsa."

Na gyara hulata. Tsohon malamin makaranta ya zama gwanin wanka.

Masu jinya a gida, wa ke kama muku? Ni dai ina jin kiran sallar Harami daga unguwarmu Jarwal, amma rabona da sahu tun ranar da ta kwanta.