Abin da ke Bayan Muryarsa

A shekarata ta biyu a Sabha na samu aikin shara da wanke-wanke a gidan wani tsohon bafatake a unguwar Mahdiya. Balarabe ne, amma ya daɗe yana kai kaya Agadas da mota, don haka Hausa ta zauna a bakinsa, irin ta tasha, gajera mai kaushi. Baba Alhaji nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'yata. Gwiwoyinsa sun gaji da hanya, 'ya'yansa sun koma Tarabulus. Abin da ya rage masa shi ne matarsa, wadda kowa ke kira Hajja, sai kuma lasifikoki.

Ba irin na masallaci ko na masu kiɗan biki ba. Akwatunan katako ne masu sheƙi, biyu-biyu, jere a ɗakin baƙinsa. Wasu ya samo su a gidajen injiniyoyin waje da suka bar ƙasar lokacin da ta rikice, wasu kuma direbobi suka kawo masa daga arewa a naɗe cikin bargo. Akwai gajeru na Ingila masu fuskar yadi ruwan ƙasa. Akwai na Japan masu farar tsakiya kamar faifan tuwo. Can ƙurya kuma akwai wasu dogaye baƙaƙe na Jamus, sun kusa kai ni tsawo.

Ranar farko ya kafa mini doka. Ban da jiƙaƙƙen tsumma. Ban da taɓa ɗan ƙoƙon da ke sama da yatsa. Ban da gusar da ko ɗaya, domin ya zana wa kowace wurin tsayuwarta da alli a ƙasa. Kujera ɗaya ce a tsakiyar ɗakin, tasa. Bayan la'asar, idan akwai wuta, sai ya sa faifai ɗaya na molon Larabawa, ya saurara kaɗan, ya tashi da ƙyar, ya cire kebul daga waɗannan ya mayar kan waɗancan, ya sake sa wuri guda. Haka har magariba.

"Ingila tana shafa wa murya man shanu," ya taɓa ce mini ina goge taga. "Japan tsiwa gare ta. Dogayen nan kuwa ba kunya, ba tausayi. Abin da aka ɗauka, shi suke faɗi."

Hajja takan leƙo ta ce da Larabci, "Ya cika mini gida da kabad ɗin da ba a sa tufafi."

Ni a lokacin wata biyar ke nan ban ji daga maigidana ba. Tare muka zo daga ƙauyenmu kusa da Daura, muka kama ɗaki a unguwar Tayuri. Kullum da safe yakan tsaya a bakin titi a unguwar Jadid da cebur, yana jiran motar da za ta ɗauki lebura. Da aiki ya yi wuya ya ce zai hau arewacin ƙasar. Na riƙe gefen rigarsa na ce ya rantse mini ba zai shiga teku ba. Ya yi dariya ya ce, "Ni da ko rafi ban iya ba? Gona zan nema." Ya rantse.

Saƙon murya ɗaya ya turo, bai kai minti guda ba. Na haddace shi. "Ina lafiya. Na samu aiki a gona. Sabis ba kyau a nan, in kin ji shiru kada ki damu. Ki riƙa cin abinci. Ki yi mini addu'a." Daga nan layinsa ya rufe.

A bayan muryar akwai wata ƙara, shuu, ta yi shiru, shuu. Na ba matan gidanmu su ji, wata 'yar Damagaram ta ce injin ban-ruwa ne, sauran suka yarda. Ni ma na yarda, har na so ƙarar. Na zo da littattafan soyayya guda uku daga gida, bangonsu duk ya yage, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa ɓacewa bai dawo a babin ƙarshe ba. Sai in rufe ido in ga maigidana tsakanin itatuwan zaitun, ruwa na fesowa, yana tara abin da zai ba ni mamaki da shi. Har kalar atamfar da zai kawo na zaɓa, shuɗiya.

Wata Talata Baba Alhaji ya same ni a tsakar gida, tsintsiya a jingine, waya manne a kunne.

"Wa ke magana kullum-kullum, shara ta tsaya?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Maigidana ne, Baba."

"A cikin wannan gwangwanin? Haram! Miji guda kin matse shi a gwangwanin madara. Kawo."

Ya shiga gaba na bi shi. Ya haɗa wayar da kebul, ya jira injin da ke ba lasifikokin murya ya ɗumama, sannan ya nuna mini kujerarsa. Na tsaya ina kallonta, don ko Hajja ban taɓa gani a kanta ba.

"Zauna, 'yata. Kai a tsakiya. Kada ki karkata."

Ya fara da na Ingila. Maigidana ya yi magana daga tsakiyar ɗakin, daidai inda babu kowa. Na ji jan numfashinsa kafin ya ce ina lafiya, na ji ɗan fito ɗin da wushiryarsa ke yi. Na miƙa hannu ban sani ba. Hawaye suka zubo, amma na daɗi ne.

"Kin gani? Man shanu," in ji Baba Alhaji, yana murna kamar shi ya ƙera su. "Yanzu mai tsiwa."

A kan na Japan muryar ta ƙara fitowa, wasu abubuwa kuma suka biyo ta. Mutane da yawa, wani yana tari, jariri yana kuka can nesa. Na ce, "Ashe da iyalai a gonar." Baba Alhaji ya daɗe a tsugune riƙe da kebul.

"Ya isa haka," ya ce.

"Saura dogayen, Baba."

"Dogayen ba na murya ba ne."

"Kai ka ce su ne ba sa ɓoye komai. Ina so in ji shi duka."

Ya haɗa. Wannan karon ƙarar nan da nake so ta daina zama shuu. Daga ƙasa ta taso, na ji ta a tafin ƙafata, ta kumbura, ta fashe, sannan ta ja da baya tana jan tsakuwa. Ta sake dawowa. Wani tsuntsu da ban sani ba ya yi kuka. Can baya wani namiji yana daka tsawa da Larabci, kuma ɗan Larabcina ya isa in gane: kowa ya cire takalmi, maza, maza.

A daidai nan Hajja ta shigo da tiren shayi. Ita 'yar bakin teku ce, aure ya kawo ta Sabha. Ta tsaya, fuskarta ta washe kamar ta yarinya.

"Wallahi teku! Ya Hajj, yau ka sayi abin kirki. Ƙara, in ji garinmu."

Sai muryar maigidana ta ce, "Ki riƙa cin abinci." Hajja ta dube ni, ta dubi wayar. Ta ajiye tiren a ƙasa a hankali.

Ban taɓa ganin teku ba. Har yau ban gan shi ba. Amma a Tayuri ko yaya mutum yake toshe kunne ya san inda ake sa mutane su cire takalmi: bakin jirgin roba, don kada wani abu ya huda shi.

Baba Alhaji ya fizge kebul ɗin, abin da bai taɓa yi ba injin yana kunne. Dogayen suka yi wata ƙara mai muni.

"Waɗannan sun lalace," ya ce. "Zafi ya taɓa su. Suna ƙara abin da babu. Injin gona ne, 'yata, ni na san gona."

Bai kalle ni ba. Kullum ni ke goge su, na san babu abin da ya same su. Na ce, "To, Baba," na karɓi wayata, na ɗauki tsintsiya na ƙarasa tsakar gida, don ban san abin da ake yi ba bayan wannan. A littattafaina ba a rubuta shi ba.

Ranar Juma'a na je wurin malamin unguwarmu na tambaye shi ko in shiga takaba. Ya ce ƙarar ruwa ba shaida ba ce. Wataƙila ya haye, wataƙila yana tsare a wani wuri, wataƙila Allah ya karɓi abinsa. Matar wanda ya ɓace jira take yi, kuma jiran na shekaru ne. Na fito ban zama bazawara ba, ban kuma koma matar aure ba.

Na ci gaba da aiki a gidan. Baba Alhaji ya lulluɓe dogayen da zanen gado, ya ce in daina goge su. Bayan la'asar yana nan tsakanin Ingila da Japan, amma ba ya ƙara kira na in ji bambanci. Hajja kuwa ta shiga zuba mini abinci fiye da kima, ta tsaya a kaina sai na cinye.

Littattafan na ba wa 'yar Damagaram. Saƙon yana nan a wayata. Na yi ta mayar da shi kan ƙaramar lasifikar wayar, gwangwanin nan, ko gonar za ta dawo. Na rage ƙara, na nisanta ta da kunne, har ƙarƙashin matashi na sa ta. Duk yadda na yi, ruwan yana zuwa, ya fashe, ya ja tsakuwa, shi kuma yana tsaye a gabansa yana ce mini kada in damu.