Tatsuniyar da Na Yi wa Ɗan Maƙwabcinmu da Rana

Ni ne na yi kuskure. Gara in faɗa tun yanzu kafin daɗin labari ya ɗauke ni, don na san halina. Har yau in na ji ƙarar salatif ana jan sa a jikin kwali, ƙarar nan mai kama da yagewar sabon yadi, sai in ga kaina yaro a ƙofar shagon Baba a Murshid Bazar, zufa na bin bayana, ina riƙe da littafin da ba nawa ba.

Baba ɗan Kano ne, aikinsa kago. 'Yan kasuwa su zo daga gida su sayi kaya, shi ya ɗaure, ya auna, ya loda a kwantena. Muna zaune a wani ɗan fulat a unguwar Deira, can ƙasar Larabawa, ni da shi da Inna da Kaka, wadda aka kawo a duba mata gwiwa, aka yi ta sabunta mata biza har ta zama ta gida. Ni kuwa an sa ni a makarantar Indiyawa, inda da Turanci ake koyar da komai. Bakina ya buɗe da wuri. Ina ciniki da ɗan Pakistan, ina faɗa da direba ɗan Filipin, ina yi wa Baba tafinta, kowa na cewa yaron nan wuta ne. Abin da ba wanda ya sani shi ne a takarda ni na baya ne. Layi uku nake karantawa idona ya fara yawo. Baba karatun allo ya yi, sakamakon makarantata kuma ni nake karanta masa, ina tsallake inda ya kamata a tsallake.

Shagon da ke jikin namu na wani ɗan China ne, shi da matarsa, suna sayar da tocila da fitilun caji a kan sari. Baba yana ce masa maƙwabci, shi kuma yana ce wa Baba Alaji. Hirarsu rabi Larabcin kasuwa ce, rabi nuni da hannu, amma ban taɓa ganin sun kasa fahimtar juna ba. Suna da ɗa guda, yana can ƙasarsu wurin kakarsa yana babbar sakandare. Sau ɗaya yake ganin iyayensa a shekara, lokacin dogon hutun zafi. Tun kafin ya iso uwar ta fara share bayan shago, tana jera masa kwalaye ya zama tebur, tana murmushi ita kaɗai.

Ya iso a tsakiyar zafin nan da iska ke zama kamar hucin tanda, lokacin da ruwan na'urar sanyi ke ɗiga a kan masu wucewa. Dogo ne, siriri, mai tabarau, ya girme ni da 'yan shekaru. Akwatinsa rabi kaya rabi littattafai. Akwai wata babbar jarrabawa da ke jiran sa a ƙasarsu, wadda uban ya ce ita ke raba mai shiga jami'a da mai ɗaukar kwali, kuma Turanci ne ke ba shi wahala. Littattafan duk iri ɗaya ne: gajeren labari da Turanci, a ƙasa tambayoyi, kowace tambaya da amsoshi huɗu ka zaɓi ɗaya. Ranar farko uban ya ɗauki littattafan ya yage shafukan baya, inda amsoshin suke, ya kulle a durowa. Ya ce haka ake yi a wurinsu don kada ido ya yi sata. Ya kuma karɓe 'yar na'urar ƙamus da yaron ke dannawa, ya ce ba a shiga jarrabawa da ita. Sannan ya kafa sharaɗi a gabanmu: a tsakiyar hutu zai gwada shi. In ya yi kyau, ya zauna da su har ƙarshen hutu. In bai yi ba, ya koma gida makarantar ƙarin darasi.

A nan ne Baba ya dafa kafaɗata. "Maƙwabci, ga malami a gida kana wahala? Wannan Turanci a bakinsa kamar ruwa. Yalla, zauna da ɗan'uwanka."

Ba zan iya kwatanta muku daɗin da na ji ba. Ni malami! Malamin wanda ya girme ni, wanda ya taso daga wata duniya a jirgin sama! Washegari na riga Baba shiri, na sa farar jallabiyata ta Juma'a, har biro na maƙala a aljihu. Masu tura amalanke suka fara ce mini Ustaz. Mai shayin kwana, ɗan Indiya, yana aiko mini da karak ba tare da na tambaya ba. Wani abokin Baba ɗan Maraɗi, duk sanda ya wuce sai ya cire hula ya ce, "Barka da aiki, mushe!" wato malamin boko a bakin mutanensu.

Matsalar ta fito tun labari na biyu. Turancin littafin ba irin na kasuwa ba ne. Kalmomi dogaye, jimla ta yi ta tafiya kamar ba za ta tsaya ba. Yaron ya nuna mini wata kalma da ƙarshen fensir, ya ɗago tabarau yana jira. Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma masu amalanke na kallo, karak ɗina na turiri a gefe. Sai na yi abin da na iya. Na karanta layukan farko, na tsinci kalmomin da na gane, sauran na cike daga kaina.

Ku sani ni goyon Kaka ne. A wurinta na koyi yadda labari ke tafiya: maƙaryaci ya kunyata, mai rowa ya rasa, yaron da ya ƙi jin maganar manya ya dawo yana kuka. Sai na ɗauka duk labarin duniya haka yake. In na ga farkonsa, ai na san ƙarshensa. Aka kawo labarin ƙudan zuma, na mai da shi labarin sarauniya da bayinta da wani munafuki a cikinsu. Aka kawo na wasu tsuntsayen ƙanƙara da ba sa tashi, na hau kan kwali ina tafiya irin tasu, hannuwa a manne, har masu ɗaure kaya suka ajiye salatif suna dariya. Shi ma yana dariya, yana rufe baki da hannu, yana rubuta abin da na faɗa da ƙananan haruffansu a gefen shafi, a tsanake, kamar mai rubuta magani. Uwar tana leƙo mu ta tsakanin kwalaye, tana kawo mana kankana a yanke. Ta ce wa Baba, da hannu da 'yan kalmominta, ba ta taɓa ganin ɗanta yana dariya a kan littafi ba.

Kwanaki ne masu daɗi, ba zan ɓoye ba. In rana ta yi sanyi mukan gangara bakin ruwa mu shiga kwalekwale mu tsallaka mu dawo, ba don muna da inda za mu ba. Na koya masa cin gurasa da hannu, ya koya mini riƙe tsinken cin abinci, shinkafa na zubewa a cinyata. Na koya masa "sannu da aiki", ya je ya faɗa wa Baba, Baba ya yi dariya har da hawaye. Yana ce mini malam da gaske, ba da wasa ba.

Sau ɗaya ya kusa kama ni. Labarin wata yarinya ce da ta bar gonar ubanta ba da son ransa ba, ta tafi karatun kifayen teku. Tambayar ita ce, yaya uban ya ji a ƙarshe? Ni ko ƙarshen ban duba ba, na ce ai baƙin ciki, 'yar da ta ƙi jin magana. Ya bi layin ƙarshe da yatsa, ya ce a hankali, "Malam, amma nan kamar ya ce uban ya yi alfahari da ita." Na duba, na ga gaskiyarsa ɓaro-ɓaro. Sai na ɗaga kafaɗa na ce, "Habibi, haka Turawa suke. Su faɗi abu, suna nufin wani. Kada ka bi abin da ke rubuce, bi abin da ya kamata." Ya gyaɗa kai, ya goge amsarsa ta daidai, ya rubuta tawa. Wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai har yau, don daga ranar ya daina yarda da idonsa.

Ranar gwaji uban ya rufe rabin ƙofar shago, ya ajiye agogo a kan kwali, ya ba shi labaran da bai taɓa gani ba. Ina waje ina kai da kawo, ina gaya wa masu amalanke ɗalibina zai cinye. Da ya gama, uban ya buɗe durowa, ya fito da shafukan nan, ya ɗauki jan biro. Ina jin ƙarar biron a kan takarda, yana ja, yana sake ja. Sai ya koma kan waɗanda muka yi tare, nan ma ja. Ya yi wa ɗansa magana da yarensu, ba da ƙarfi ba. Yaron ya sunkuyar da kai. Ina tsaye a bakin ƙofa, ina jira ya nuna ni da yatsa. Bai nuna ba. Ko kallona bai yi ba.

Uban ya juyo ya ce wa Baba, "Alaji, ɗanka ya yi ƙoƙari. Nawa ne ba ya mai da hankali. Khalas, shi ke nan." Ya ɗauko sabuwar tocila a kwalinta ya ba ni, ya ce na gode malam. Na karɓa. Wallahi na karɓa, har na ce na gode.

Cikin 'yan kwanaki aka sa shi a jirgi. Uwar ta rushe teburin kwalayen nan da kanta, ta zauna a bayan shago ta juya mana baya. Rabin hutun da take jira shekara guda, ni na cinye mata shi.

Kaka ce ta lura na daina cin abinci. Tana shafa man zafi a gwiwa ta sa ni gaba, na gaya mata, ina ƙoƙarin rage nauyin abin, ina cewa ai labari ne kawai nake ba shi irin nata. Sannan ta ce, "Kai, ɗan nan. Ni da dare nake tatsuniya, in na gama in ce ƙurunƙus, kowa ya san wasa aka yi. Kai da rana tsaka ka yi taka. Ka ce masa ƙurunƙus?" Na ce a'a. Ta ce to gobe in je in gaya wa uban yaron gaskiya. Na ce to. Ban je ba. Na ji tsoron fuskar Baba, wanda ya yi alfahari da ni a gaban maƙwabci. Kullum in ce gobe, har Kaka ta koma gida, har Allah ya yi mata rasuwa.

Ɗan maƙwabcin bai sake zuwa hutu ba sai sau ɗaya, ni kuma na yi ta zillewa. Na ji ya yi jarrabawar, ya sami wata jami'a, ba wadda uban ya so ba. Ban san nawa ne laifina a ciki ba, kuma ba ni da bakin da zan ce kaɗan ne.

Yanzu ni ke zaune a kujerar Baba. Kasuwar ta canza. Jirgin ƙasa na bi ta unguwar Rigga da ke kusa da mu, 'yan kasuwarmu da yawa sun daina tsayawa a nan, suna wucewa China kai tsaye, yaro kuma in bai gane kalma ba sai ya nuna wa waya ta gaya masa. Ba wanda zai ƙara zama malami don bakinsa kawai. 'Ya'yana in sun tambaye ni abin da ban sani ba, nakan ce ban sani ba, su yi ta mamakin yadda nake saurin faɗa.

Bara maƙwabci ya tsufa ya ce zai koma gida. Ɗan ya zo taya shi rufe shago, da furfura a gefen kai, da 'yarsa riƙe da hannunsa. Yana ganina ya buɗe hannuwa ya ce, "Malam! Sannu da aiki!" Uwar na zaune a kan kujera, uban na naɗe wayar lantarki. Na ce su dakata, ina da magana, kuma ina so dukansu su ji. Na faɗa da Turanci, a hankali, ba ƙari ko ɗaya, ɗan yana juya wa iyayensa da yarensu.

"Ba malami ba ne ni. Labaran nan ban karanta su ba, daga kaina nake ƙirƙira, don ina jin kunyar in ce ban sani ba. Ranar da ka ce uban yarinyar ya yi alfahari da ita, kai ne da gaskiya, na gani, na sa ka goge. Baba maƙwabci, ɗanka ya mai da hankali, ni ne na ɓatar da shi, na tsaya ina kallo kana yi masa faɗa. Mama, ni na raba ki da shi a hutun nan. Ku yafe mini."