Koshiyar da na jefa a murhu

A lokacin ni mace ce da ba a kawo wa ƙazanta. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, muna zaune a Madarumfa, zamanin Nasara, shekarun da kowa ya duƙufa noman gyaɗa. Ban yi karatu ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma ido gare ni. Duk wanda ya miƙo mini abu da hagu a gidana, sai ya ji ludayi a bayan hannunsa. Maigidana masunci ne, shi ke saƙa komarsa, shi ke tuƙa jirginsa a tabki, ko ruwan alwala ba ya jira a zuba masa.

Wata safiya ya faɗi a bakin tabki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka sha rubutu, aka yi turare, ƙafa ta ɗan dawo, hannu ya ƙi. Ƙanensa ya ɗora shi bisa jaki zuwa Maraɗi, wurin 'yan mishan. Can akwai wata Bahausa 'yar'uwarmu, Kirista, aikinta koya wa kutare da masu shanyayyen jiki yadda za su yi wa kansu hidima. Bayan wata biyu ya dawo yana sa rigarsa da kansa, yana ɗaure mazagin wando da haƙori da hannu guda, har yana riƙe koma da babban yatsan ƙafa yana ɗinke ta. Matar ta kuma ba shi koshiya mai kaurin mariƙi, an naɗe ta da fata don kada ta suɓuce.

Da na ajiye masa tuwo, sai ya ɗauki koshiyar da hagu, yana murmushi, yana cewa in tsaya in ga abin da ya iya. Hannun da yake tsarki da shi ne ke kai loma baki, miya na bin gemu, ga koshiyar ta fito daga hannun mai taɓa kutare. Na fizge ta na jefa a murhu, ƙaurin fata ya cika gidan. Na ce muddin ina numfashi ba a ci da hannun bayan gida a gabana. Ya tambaye ni a hankali ko na fi so ya zama jariri mai gemu. Na ce gara haka.

Na riƙa ba shi a baki. Na karɓe ɗaurin wando, kada maƙwabta su gan shi da mazagi a baki kamar akuya na cin igiya. Komar na ba ƙanensa. Mata na yabona, wai na sayi Aljanna, ni ko ina hura hanci. Shi kuwa ya daina fita ko zaure. In fitsari ya matsa masa ina rijiya, sai ya jira ni, wata rana jiran ya gagara, in dawo ina tsaki ina toshe hanci. Ni na ɗaure shi, ni kuma ke ƙyamarsa.

Sai ran da liman ya zo gaisuwa ya tarar ina ɗura masa fura. Da ya ji dalili, ya ce lalura ta halatta masa hagu, ya tambaye ni wane malami ya ba ni wannan hukunci. Na sa aka sassaƙa wata koshiya, na naɗe ta da fata da hannuna, na miƙa wa maigidana. Ya dube ta, ya dube ni, sai ya buɗe baki kamar yadda na koya masa. Haka muka zauna damina biyu har Allah ya karɓi abinsa.

Yau in na tuna, kaina nake ƙyama. Ciwo hannu guda ya ɗauke masa, ɗayan ni na kashe, ana yi mini sannu da ƙoƙari. Ku masu jinya, in naku ya ce zai yi da kansa, ku naɗe hannuwanku ku bar shi, ko da miya za ta wanke masa riga. Riga tana wankuwa. Bakin nan da ya buɗe mini, har gobe ban daina ganinsa ba.