Magini a Shagon Kwamfuta

Tun shigowar dattijon mai shagon ya gane magini ne. Siminti ya cinye masa farata, ga fensir saƙale a kunne. Yana bin kwamfutocin tebur na hannu ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa, yana kasa kunne kamar mai gwada bulo.

"Baba, ai ba a gane lafiyarta da haka," in ji mai shagon, yana danne dariya.

Kuɗin dattijon ba za su sayi sabuwar kwamfuta da babban allo a tare ba. Mai shagon yana nuna masa wata mai ƙyalli da ɗan ƙaramin allonta, amma ko kallo ba ta ishe shi ba. Sai ya zaro wata takarda daga aljihu, ya warware ta a hankali. Zanen gida ne, layukansa tsaf. Ya kara ta a allon farko, ta fi shi faɗi. Na biyu ma haka. Na uku ne ya ɗauke ta duka.

"Wannan nake so. Kwamfutar kuwa ko ta koɗe, in dai tana da ƙarfi."

Mai shagon ya kalli takalminsa da ya sha tafiya, yana raya cewa an daɗe ana tara kuɗin nan.

"Ta ofis ce, Baba?"

"Ta autata ce, zanen gini take karanta." Ya ninke takardar, ya mayar aljihun ƙirji. "Shekara talatin ina gina abin da 'ya'yan wasu suka zana. Wannan karon na 'yata zan gina."