Kazar Mai Ɗori

Hawan jini ne ya kashe mahaifina yana da shekara hamsin da biyu, a kan bencin majami'a, ana tsakiyar waƙa. Don haka ranar da likita ya ɗaura min abin awo a hannu ya ce jinina ya fara hawa, ban tsaya jin ƙarshen bayaninsa ba. Washegari na sayi takalmin kambas na fara gudu, ina da shekara arba'in da tara da tumbina a gaba.

A Haɗeja kuwa magidanci ba ya gudu sai da dalili. Kullum da safe in na hau datsin da aka yi don tare ambaliya, masu zuwa gonar shinkafa sai su waiga bayana su ga abin da ya koro ni. Wani masunci ya taɓa tsayar da kwalekwalensa ya ce, "Malam, wuta ce ko ɓarawo?" Na ce masa motsa jiki ne. Ya ce, "Allah ya yaye maka." Haka na shekara biyu, jinin ya sauka, girman kai ya hau.

Sai wata safiya ƙafata ta faɗa ramin da kofaton saniya ya bari a busasshen taɓo. A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin ƙauri ya tsage, sati takwas kada in taka. Ni dattijo ne a ikilisiyarmu, kuma ba wanda ya kai ni iya wa'azi a kan haƙuri. Na yi wa marasa lafiya, na yi wa gwauraye, har hawaye nake sa mutane. Ashe haƙuri kaya ne mai sauƙi in a kan wani yake. Fasto ya zo dubiya ya maimaita min kalmomina ɗaya bayan ɗaya, na ji kamar in jefe shi da filo.

Maƙwabcinmu wani tsoho ne mai ɗori, Musulmi, tun zamanin mahaifina muke gaisawa ta katanga. Ya shigo ya shafa ƙafar, ya ce aikin asibiti ya yi daidai, amma shi ma zai yi nasa. Ya sa aka kamo kaza, ya karya mata ƙafa, ya ɗaure da karare. Ya ce ranar da ta taka, ni ma zan taka. Na yi dariya na ce ni Kirista ne, da addu'a na dogara. Bayan ya fita sai na ce wa matata ta ajiye kazar inda zan riƙa ganin ta ta taga.

Addu'a dai na yi ta, ba ƙarya. Sai dai ido ɗaya nake rufewa, ɗayan yana kan kaza. Kuma addu'ar tawa ba roƙo ba ce, umarni ne: Ubangiji, ka ba ni haƙuri, amma kafin Asabar.

A sati na uku kazar ta miƙe ta yi taku huɗu zuwa kaskon ruwa. Na ce alama ta bayyana. Da gari ya waye na warware bandeji, na ɗaura kambas, na nufi datsi. Ban kai inda ake shanya barkono ba na ji ƙafar ta ce ƙas. A amalanken shanu aka dawo da ni, a kan buhunan taki, masu gaisuwa suna bi suna "sannu, Malam mai motsa jiki."

Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, cewa na yi in ta taka ka taka. Ka ga ta sa takalmi ta yi bakin kogi?"

A wannan karon likita ya ce wata uku, kuma in na sake, ƙila ɗingishin ya zama nawa har abada. Tsohon ya karya wata kazar. Matata ta ce wannan a bayan kicin za ta zauna, ita za ta riƙa kawo min labari. Ban da bakin musu.

Kullum da safe in tambaya, ta ce, "Tana kwance, Baban yara." Sati huɗu, tana kwance. Sati bakwai, tana kwance. Na ce wace irin raguwar kaza ce wannan, ta ce ai kowa da irin ƙashinsa. Ruwan kogi ya ja baya, aka girbe shinkafa aka shuka alkama, ni ina kan tabarma ina ƙirga azarar ɗaki. A cikin wannan zaman ne bakina ya mutu. Wata rana na buɗe baki zan ba Ubangiji sabon wa'adi, sai na ji abin da ya fito daban: ina jin tsoro. Shekarata hamsin da ɗaya, saura ɗaya in kai ta mahaifina, kuma ƙafar da nake tsere wa mutuwa da ita ga ta nan a ɗaure. Na yi kuka sosai, ban ji kunya ba. Daga ranar na daina sa wa Allah rana, na riƙa shan ƙwayar hawan jinin da likita ya ba ni, wadda a da nake rainawa.

Da wata ukun suka cika, likita ya ce in fara takawa da sanda. Wurin da na fara zuwa bayan kicin ne, don in ga abokiyar jinyata. Na tarar da kwando a kife, ba komai a ciki.

Na ce, "Ina kazar?"

Matata ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Tun sati na uku ta miƙe. Kai ka cinye ta a farfesu, har ka ce a ƙaro romo."

Na ce, "Ke da kike cikin zumuntar mata ta majami'a, wata biyu kina min ƙarya kullum safe?"

Ta ce, "Kullum yamma kuma ina neman gafara." Sai ta ajiye faifan, na ga idonta ya kawo ruwa. "Kana tsammani kai kaɗai ne kake ƙirga shekarun nan? Ni ma ina ƙirgawa. Gara in gan ka a tabarma kana zagin kaza."

Na jingina sandar, na zauna kusa da ita, na ja faifan gabana na fara tsince tsakuwa.