Ranar Babu Ruwa a Tafkin, Selasi

Da azahar ɗin Talata, sha ɗaya ga Maris, rai ya yi halinsa a wani asibiti a Akara. Selasi Agbenyo, abokin ɗakina a jami'a, ba ciwo ne ya kashe ka ba, maƙwabtanmu ne na gidan kwanan ɗalibai.

Al'adar gidan tsohuwa ce: wanda ya yi laifi, a kaɗa bokitai, a ɗauke shi cak, a jefa shi tafkin siminti na tsakar gida, a yi dariya, magana ta wuce. A da, ɓarawon waya ake yi wa haka. Daga baya abin ya koma kan duk wanda aka ce yana neman maza, su kuwa sai an fasa musu baki da bel kafin wankan.

Kai ka tara mu, mu da ba mu yarda da wannan ba, ka ce duk wanda aka jefa, mu faɗa tare da shi da kayanmu a jiki. Na ce, "Chale, abokina, kanka ɗaya kuwa?" Ka ce, "Kai da ba ka son wanka, ai taimakonka na yi." Dabarar ta ci, domin babu mai dariya idan mutum goma suka fito a jiƙe suna kallonsa ido cikin ido.

Ran Litinin suka finciko Fiifi, ɗan ajin ƙarshe, daga wurin cin abinci, kenkensa, tuwon masara, a hannu. Suna dukansa suna cewa, "Mata-maza, yau za ka yi tsarki." Haƙoransa biyu suka zube a kan matakala. Ka kutsa, ka rungume shi ƙam, ka ce, "Sai dai ku jefa mu tare." Suka ɗaga ku duka biyu.

Da safiyar ranar aka kwashe ruwan tafkin don a wanke shi. Har yanzu ina jin ƙarar ƙeyarka a kan siminti.

Yanzu suna cewa wasa ne, ba su lura ba. Ƙarya suke yi, kuma ban yafe ba. Daga bene na hango gindin tafkin a bushe. Kai ma ka gani, shi ya sa ka juya bayanka ga simintin, Fiifi ya faɗo a kan ƙirjinka. Karaya kawai ya samu a hannu.

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta. Mama Dzifa, Allah ya ba ki haƙurin rashin ɗanki, ke da ƙannensa. An sake cika tafkin jiya. Idan aka kaɗa bokitai, Selasi, ni zan fara faɗawa.