Man Kaɗanya a Gasar Birmingham

Wata Asabar ce a tsakiyar sanyin shekarar da na cika sha ɗaya, shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta fara garƙame ɗakunan karatu da wuraren wasan yara a unguwarmu ta Manchester. Ina tsaye a ɗakin canza kaya na wani ƙaton zauren wasanni a Birmingham, sai ga Umma ta turo ƙofa da mayafinta da jakarta. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta tsaya a idon sawuna. Dogon wandona ya ɗage saboda na ƙara tsawo, fatar wurin kuwa ta yi fari fat kamar an barbaɗa toka. "Ruƙayya, a haka za ki fita gaban mutane? So kike a ce ba ki da uwa?" Ta zuge jaka ta ciro gwangwanin man kaɗanya.

Abin da ya kai mu Birmingham gasar cheerleading ce. Na fara wasan ne a zauren council da ke bayan gidanmu, Talata da Alhamis bayan makaranta, in na gama wanke-wanke. Abba likita ne a wani asibiti da ke Oxford Road, kuma ba ya amincewa da abu sai ya karanta tarihinsa. Muna cin tuwon semo ya yi mana lacca cewa a Amurka aka fara shi, samarin jami'a ne ke tsayawa a bakin fili suna jan 'yan kallo wajen zuga 'yan ƙwallo. Daga baya mata suka mamaye harkar, aka shigo da alkafura da ɗaga mutum sama, har masu zugar suka gaji da jiran 'yan ƙwallo suka koma gasa a tsakaninsu, da alƙalai da maki da kofi. Umma ta ce, "To ku wa kuke zugawa?" Na ce babu kowa. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah, Turawa!" Abba ya yarda in shiga, tunda ƙungiyar ta mata ce zalla, bisa sharaɗin dogon wando da riga mai dogon hannu.

Da yake ni ce 'yar ƙarama, ni ake ɗagawa. Ƙawayena biyu, Chloe da Jade, su ke riƙe ƙafafuna su cilla ni sama. A gida ni ce 'yar aike, a makaranta ni ce yarinyar da malamai ke tuntuɓe da sunanta, amma a can sama kowa sai ya ɗaga kai kafin ya gan ni. Ina son wurin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Kociyarmu, Miss Paula, ta riga ta ja mini kunne cewa in na yi tangal-tangal a Birmingham zan dawo ƙasa, akwai wata yarinya da ke jiran wurina.

A gidanmu ba a fita ba a shafa mai ba, har Abba bai tsira ba. Saboda haka Umma ta durƙusa ta mulke mini ƙafafu har suna ƙyalli, da ta miƙe kuma sai ta hango hannun Chloe, sanyi ya farfasa shi. Tausayi ya kama ta. "Zo nan, 'yata, wannan hannu kamar na mai faskare." Ta lakato mai ta murza mata ciki da baya, ta jawo Jade ita ma. Sauran yaran suka ga hannu ya yi laushi, suka jera layi. Miss Paula tana waje wurin rajista. Ni kuwa ina gefe ina jin kaina, uwata ce kaɗai ta damu da fatar mutane.

Kiɗa ya tashi, muka fara lafiya lau. Da aka zo ɗagawar farko na tafi sama, na buɗe hannuwa, na washe baki ga alƙalai, sai na ji ina sulalowa a hankali. Chloe tana ta cafkar ƙafata kamar mai kama tarwaɗa. Na sauka a kafaɗar Jade, daga nan na dire da mazaunai a kan katifa. Dokar Miss Paula ita ce, "Ko haƙorinki ya fita, ki ci gaba da murmushi," don haka muka miƙe muna murmushi. A ɗagawa ta biyu takalmina ne ya tafi sama a hannun Chloe, ni na rage a ƙasa, ita kuwa ta riƙe shi a can har ƙidayar lokacin ɗagawar ta cika. A ɗaya gefen yara huɗu suka zube a kan juna. Umma da Anti Bilki, ƙawarta ta unguwar Balsall Heath a nan Birmingham da muka sauka a gidanta, sun ɗauka duk cikin salon ne. Duk faɗuwar da na yi sai sun rangaɗa guɗa, Turawa na waiwaye. Mu muka zo na ƙarshe.

A motar komawa Miss Paula ta ce da ni, "Za mu yi magana ranar Talata." Na juya fuska ga taga na yi kukana. Sai da na ga Jade na fama da murfin robar ruwa yana zame mata sannan na gane abin da ya faru, amma ta yaya zan kai ƙarar uwata? Na haɗiye. Da muka isa gida, Abba ne ya kalli bidiyon gasar a wayarsa sau uku, ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, me kika shafa wa yaran nan?" Umma ta dubi jakarta, ta dafe kai.

Ranar Talata ta yafa mayafi ta bi ni zauren. Ita da ba ta son yin Turanci a cikin jama'a, ta tsaya gaban yara duka, ta dangwarar da gwangwanin a gaban Miss Paula ta ce, "'Yata ba ta faɗi ba. Ni na kayar da ita, ni na kayar da su duka." Miss Paula ta buɗe ta shinshina, ta dubi hannun Chloe, sai dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a katifa. Wurina ya tsira. Sai dai gasa ɗaya kawai na ƙara yi a sama, domin kafin bazara an rufe zauren, ƙungiyar ta watse.

Yau wasan ya bunƙasa, ina ganinsa a talabijin cikin manyan zauruka, har da yara masu ɗankwali ana cilla su sama, ba mai tambayar wa suke zugawa. Zaurenmu ya zama gidajen haya. Umma da Abba sun koma Kano, ni ina aiki a sashen magani na wani asibiti a unguwar Edgbaston ta Birmingham, inda in ka yi kuskure sai ka cike takarda ka sa hannu da sunanka. Nakan yi kewar matar nan da ta tsaya da karyayyen Turancinta ta ɗauke mini laifi. Yanzu in na faɗi, ni ce na faɗi.